Furotin Nawa Mai Rage Ƙiba Ke Buƙata a Rana?

Wata uku bayan likita ya ce wa yayata ta rage nauyi saboda hawan jini da ciwon gwiwa, na je gidanta da hantsi na tarar da ita zaune a kan tabarma, gabanta kofin ruwan zafi da lemon tsami da 'yan yanka-yankan kokwamba. Karin kumallonta ke nan. Da rana sai 'ya'yan itace, da dare kuma loma uku ko huɗu ta tuwo. Kullum bayan sallar asuba ita da maƙwabciyarta suna zagaya unguwa a ƙafa, kusan awa guda. Sikeli ya nuna kilo tara sun zube, tana ta murna. Amma da ta yunƙura za ta ɗebo mini ruwa, sai da ta dafa bango. Damatsanta sun saki, wuyanta ya zurma, gashi na cika mata mataji, tumbin da aka ɗaura yaƙin dominsa kuwa yana nan daram.

"Yaya, yaushe rabonki da wake ko ƙwai ko nama?" na tambaye ta.

"Ai su ne masu sa ƙiba," in ji ta. "An ce in bar duk wani abu mai nauyi."

Wannan amsa ba tata ce ita kaɗai ba. A da, idan magidanci ya aje tumbi cewa ake hutu ya karɓe shi, mace kuwa idan ta yi ɓulɓul a ɗakinta mijin ake yaba wa. Ciwon suga da hawan jini sun zo sun sauya wannan lissafi, yanzu da asuba za ka ga manya da yara, maza da mata, a bakin titi da filayen wasa ana ta sassarfa. Abin farin ciki ne. Sai dai da yawa cikin masu wannan ƙoƙari sun ɗauka rage ƙiba da horon yunwa duk ɗaya ne, kuma abin da suke fara yankewa shi ne abincin da ya fi kamata su riƙe. A can ɗaya gefen akwai samari masu ɗaga ƙarfe, wasu a gidajen motsa jiki, wasu a lungu da sandar ƙarfe da simintin da aka daskarar a gwangwani, waɗanda suka gani a intanet cewa tsoka ba ta fitowa sai da garin furotin na cikin roba. Yaro zai tattara kuɗin da za su ishe shi wake da ƙwai na makonni ya zuba a roba guda. Da mai ƙin ci da mai ɗura, abin da ya haɗa su shi ne ba wanda ya taɓa gaya musu adadin da jiki ke nema.

Ginin ƙasa da yaɓensa

Furotin shi ne abin da muka koya a makaranta da sunan sinadarin gina jiki. Da shi aka yi tsoka da fata da gashi da farce, da shi jini ke ɗaukar iska, da shi garkuwar jiki ke faɗa da cuta. An haɗa shi ne daga wasu ƙananan tubala iri 20 da ake kira amino asid, tara daga cikinsu jiki bai iya ƙera su da kansa, dole sai ta baki za su shigo.

Jikin ɗan Adam yana da rumbun kitse wanda ba ya cika, yana da ɗan ƙaramin ma'ajin suga a hanta da tsoka, amma ba shi da rumbun furotin. Kuma kullum cikin rushewa da gini yake, kamar gidan ƙasa da ba ya rabuwa da yaɓe. Idan laka ba ta zo daga waje ba, magini zai kankaro ta katanga ya toshe ɗaki. Haka jiki ke yi: idan abinci bai kawo furotin ba, sai ya kankaro na tsoka ya biya buƙatar hanta da jini da sauran sassan da rai ya dogara a kansu.

Wannan ne ya sa mai rage cin abinci yake cikin haɗarin da mai ƙoshi ba ya ciki. Masana sun daɗe da ƙiyasta cewa a irin rage cin abincin da aka saba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke zubewa ba kitse ba ne, tsoka ce da ruwa da makamantansu. Idan yunwar ta tsananta kuma furotin ya yi ƙaranci, kason ya kan zarce haka. Sikeli kuwa bai san bambanci ba, kilo kawai yake ƙirgawa. Asarar tsoka babba ce, musamman ga irin yayata. Tsoka ce ke riƙe gwiwar da ke mata ciwo. Tsoka ce ke kwashe mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan an ci abinci, don haka mai tsoron ciwon suga ya fi kowa buƙatarta. Sannan ranar da aka gaji da yunwa aka koma cin abinci, nauyin da ke saurin dawowa kitse ne, sai mutum ya wayi gari da nauyinsa na da amma ƙarfinsa bai kai na da ba. Garin neman gira an rasa ido.

Furotin yana da wasu amfani biyu ga mai rage ƙiba. Ya fi sitaci da mai riƙe ciki. Wanda ya karya da alale da dafaffen ƙwai ya san ba ɗaya yake da wanda ya karya da burodi da shayi ba idan azahar ta kawo jiki. Na biyu, narkar da shi kansa aiki ne: jiki na ƙona kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin furotin wajen sarrafa shi, alhali na sitaci kashi 5 zuwa 10 ne, na mai kuwa bai wuce kashi 3 ba.

Lissafin da masana suka yi

Adadin da aka fi ji shi ne giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Shi hukumomin Amurka suka tsayar, kuma rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2007 ya ba da kusan haka, giram 0.83. Mai kilo 70 ke nan zai nemi giram 56 zuwa 58. Abin lura shi ne wannan adadi an yi shi ne domin baligi mai lafiya da ke cin abinci ya ƙoshi, don kada ya faɗa cikin rashi. Ba a yi shi da tunanin wanda ya rage abinci kuma yake gumi kullum ba.

Ga masu motsa jiki, manyan ƙungiyoyi uku na masana abinci da likitancin wasanni na Amurka da Kanada sun fitar da matsaya ɗaya a 2016, suka ce giram 1.2 zuwa 2.0 ga kowane kilo. Shekara guda kafin nan, wani nazari da Heather Leidy ta jagoranta a kan furotin da rage ƙiba ya tsaya a kan giram 1.2 zuwa 1.6, tare da shawarar a samu giram 25 zuwa 30 a kowane zaman cin abinci.

Gwaje-gwaje biyu ne suka fi tsaya mini a rai, domin dukkansu an yi su ne a kan mutanen da aka rage wa abinci da gangan. Na farko cibiyar binciken lafiya ta rundunar sojan Amurka ce ta yi shi, aka wallafa a 2013. An ɗauki mutum 39, aka kasa su uku, aka sa su cikin giɓin ƙarfin abinci na kashi 40 cikin 100 har kwana 21. Kashi na farko an ba su giram 0.8, na biyu 1.6, na uku 2.4. Dukkansu sun rame. Amma a kashin farko, kitse bai kai rabin abin da ya zube ba, wajen kashi 42 ne cikin 100. A kashi na biyu kitse ya kai kusan kashi 70. Kashi na uku, da suka ci ninki uku, ba su fi na biyu da komai ba. Wato daga 0.8 zuwa 1.6 akwai babbar riba, daga 1.6 zuwa 2.4 kuwa ribar ta tsaya.

Na biyu a Jami'ar McMaster ta Kanada aka yi shi, ƙarƙashin Farfesa Stuart Phillips, ya fito a 2016. Samari 40 masu ɗan jiki, an yanke musu kashi 40 cikin 100 na abinci har mako huɗu, suna atisaye mai tsanani kwana shida a mako, har da ɗaga ƙarfe. Rabi sun samu giram 1.2, rabi 2.4. Masu 1.2 sun zubar da kitse kilo 3.5 kuma tsokarsu ba ta ragu ba. Masu 2.4 sun zubar da kilo 4.8 na kitse, suka kuma ƙara kilo 1.2 na naman jiki. Samarin gidan ƙarfe sun fi son a ambaci kashi na biyu. Ni kuwa kashin farko ne ya fi ba ni sha'awa, domin ya nuna ko da giram 1.2, idan ana sa tsoka aiki, ana iya tsallake wata guda na yunwa ba a yi asararta ba. Kada kuma a manta waɗannan samari ne masu jini a jika, ana dafa musu ana auna musu, masana na tsaye a kansu, kuma mako huɗu kacal aka yi. Ba tsarin da uwar 'ya'ya biyar za ta ɗauka a gida ba ne.

Daga wannan jami'a dai, a 2018, Robert Morton da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 49 da suka ƙunshi mutum 1,863 masu ɗaga ƙarfe, suka duba inda ƙarin furotin ke daina ƙara tsoka. Sun same shi a wajen giram 1.6, suka ce wanda ke son ya cire shakku yana iya kai wa 2.2.

Idan aka haɗa waɗannan, hukuncin da nake ganin ya dace da mafi yawanmu a fili yake. Mai rage ƙiba da ke tafiyar ƙafa ko sassarfa ko tuka keke ya nemi giram 1.2 zuwa 1.6. Mai ɗaga ƙarfe da gaske ya tsaya wajen 1.6, idan kuma dama ba shi da kitse da yawa yana son ya ƙara tsanewa, ya matsa zuwa 2.0 ko 2.2. Abin da ya wuce nan yawanci ɓarnar kuɗi ce.

Akwai wani kuskure da ke rikita masu ƙiba sosai. Kitse ba ya neman furotin kamar yadda tsoka ke nema, saboda haka ba da nauyin yau ake lissafi ba, da nauyin da ake son kai wa ake yi. Mace mai kilo 110 da tsayin mita 1.65, idan ta ninka 110 da 1.6 za ta samu giram 176, abin da zai gagare ta kuma ba ta buƙatarsa. Hanya mai sauƙi ita ce ta ninka tsayinta da kansa, sannan ta ninka da 25. Zai ba ta kilo 68. A kan wannan za ta yi lissafi, ta samu giram 82 zuwa 109 a rana.

Abin da ke cikin kwanonmu

Giram 100 na furotin ba giram 100 na nama ba ne, domin nama ma ruwa ne ya fi yawa a cikinsa. Dafaffiyar tsokar sa ko ta rago mai faɗin tafin hannu, ban da yatsu, wajen giram 100 ke nan, tana ɗauke da furotin kimanin giram 26. Ƙirjin kaza ya kai 30. Kifi irin su tarwaɗa da karfasa wajen 20. Ƙwai ɗaya giram 6. Kofin nono ko kindirmo wajen 8. Ɗanyen wake giram 100, wanda bai cika gwangwanin madara ba, yana da giram 23 zuwa 24, idan ya dahu ya sha ruwa kuma kowane giram 100 na komawa wajen 8. Waken suya ya fi su duka, giram 36. Gero da dawa 10 zuwa 11, masara wajen 9, ɗanyar shinkafa 7. Rogo da garinsa kuwa da kyar suke kai 1 ko 2.

Na zauna da takarda na ƙiyasta abin da gida mai matsakaicin hali ke ci a yini: koko da ƙosai huɗu da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, tuwo da miyar kuka da yankan nama guda da dare. Jimillar ba ta wuce giram 40 da 'yan kai ba. To idan mai wannan kwano ya ce zai rage ƙiba ya raba komai biyu, ya koma wajen giram 20 zuwa 25 ke nan, a daidai lokacin da jikinsa ke neman 90 ko 100. Yayata ma ko wannan ba ta samu.

Wani zai ce kakanninmu ba su san giram ba, da tuwo da fura suka yi noma da fartanya, kuma damatsansu kamar ƙarfe. Gaskiya ne, dalilin kuma a bayyane yake. Manomin da ke yini a gona yana iya cinye gero giram 600 tsakanin fura da tuwo, wannan kaɗai ya ba shi furotin sama da giram 60, ga nono, ga wake, ga daddawa, ga aikin da ke matsa wa tsoka kullum. Yawan cin ne ya cike masa giɓin, gumi kuma ya ƙone sauran. Ma'aikacin ofis da matar gida masu son rage tumbi ba su da wannan dama. Dole abincinsu ya ragu, don haka dole abin da ya rage ya zama mai furotin ne.

Ba sai an yi tsada ba, kuma wannan ne ya fi damuna da a sani, domin na san yadda nama ya yi wa talaka nisa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau a Kano ya ga buhunan wake da waken suya jibge kamar duwatsu. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani tubali mai suna laisin, wake kuwa yana da shi da yawa; abin da wake ya gaza a kai kuma hatsi na da shi. Idan suka haɗu sai su cike wa juna. Iyayenmu da suka haɗa wake da shinkafa, suka dama fura da nono, sun dace da abin da ɗakin bincike ya zo ya tabbatar daga baya. Gyaran da mai rage ƙiba zai yi shi ne ya juya ma'aunin: garau-garau ya zama wake ne da ɗan shinkafa, nono ya rinjayi fura, a kuma janye hannu daga sukari.

Awara abinci ce da ya kamata a ɗaga darajarta, don furotin ɗin waken suya na cikin mafi inganci a tsirrai. Ga gurjiya. Ga bandar kifi, wanda bushewa ta sa furotin ɗinsa ya tattaru, ɗan kaɗan a miya ya yi aiki. Ga ƙwan zabi da damina. Ga fara, wadda ake soyawa ana sayarwa daga Maiduguri har Maraɗi, busasshiyarta kusan rabi ko fiye furotin ce. Zogale na da amfaninsa, amma kada a dogara da shi a wannan fanni, domin abin da mutum ke iya ci na ganye ba ya tara giram masu yawa. Ganda kuma, duk da daɗinta a miya, furotin ɗinta ba cikakke ba ne, ba ta maye gurbin tsoka.

Inda gizo ke saƙar shi ne mai. Kusan duk abincinmu mai furotin a cikin kasko yake ƙarewa. Ƙosai ya sha mai, awara ta sha mai, ƙwan mai shayi yana iyo a mai, tsire an yarfa masa mai a kan ƙuli, ɗanwake sai an kwarara masa. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne a ma'aunin ƙarfin abinci, babu ko ɗigon furotin a ciki. Gyaɗa ma haka: giram 100 na da furotin wajen 26, amma kalorinta ya haura 560, alhali ƙirjin kaza mai furotin fiye da haka bai kai 170 ba. Wanda ya zauna da kwanon gyaɗa yana cewa furotin yake ci, ƙiba yake ƙarawa. Don haka alale ya fi ƙosai, dafaffen ƙwai ya fi soyayye, awarar da aka jefa a miya ta fi ta kasko, balangun da aka zaɓe wa kitse ya fi tsire. Kilishi furotin ne tsantsa kusan rabinsa, sai dai gishiri da sinadarin ɗanɗanon da ke cikinsa sun sa mai hawan jini ya riƙa ɗanɗanawa kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5.

Ga yadda muka tsara wa yayata, wadda ke son komawa kilo 70. Da safe dafaffen ƙwai uku da kofin kindirmo ba sukari, giram 26 ke nan. Da rana faten wake cike da ƙaramin kwano da gutsuren kifi, wajen 35. Da la'asar 'yan yanka na awara, wajen 10. Da dare ƙaramar malmala da miyar ganye mai yawa da nama ko kifi, wajen 25. Ta kusa 100 ba tare da ta sayi wani abu da babu shi a kasuwar unguwarsu ba. Ranar da babu kuɗin nama, wake da awara da nono ke ɗaukar nauyin.

Lokacin ci, azumi, da garin roba

An fi so a raba furotin gida uku ko huɗu a yini maimakon a tara shi a tuwon dare. Amma jimillar yini ita ce uwa. Maganar da ake yaɗawa cewa dole a sha furotin cikin minti 30 bayan atisaye ko wahala ta tashi a banza, nazarin da Brad Schoenfeld da abokansa suka yi a 2013 ya nuna ba ta da wannan ƙarfin, abin da aka ci a yini gaba ɗaya ne ke yanke hukunci. Haka ma cewa jiki ba ya amfana da fiye da giram 30 a zama ɗaya: a 2023 masana a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan sun ba wasu giram 25, wasu giram 100 bayan atisaye, suka bi su awa 12, suka ga jiki ya ci gaba da amfani da babban kason a hankali.

Wannan albishir ne ga mai azumi, wanda zama biyu ko uku kawai yake da su. Teburin buɗa-bakinmu ya cika da kunu da soyayyen dankali da doya da lemon kwalba, sahur kuma sau da yawa ɗumamen shinkafa ne ko shayi da burodi. Mai son ya fita daga Ramadan da ƙarfinsa ya sa ƙwai ko wake ko kindirmo a sahur, ya ci nama ko kifi ko alale bayan magariba, ya ƙara wani abu bayan tarawihi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Garin furotin na roba kuwa, mafi yawansa daga ruwan da ke tsatsowa ne idan ana yin cuku, a busar da shi a niƙa. Ludayinsa ɗaya na ba da giram 20 zuwa 25, daidai da ƙwai huɗu. Abinci ne, yana da sauƙin ɗauka ga matafiyi ko wanda aiki ya hana shi girki, iyakarsa ke nan. Wanda zai saya ya duba lambar hukumar NAFDAC, ya karanta abin da aka rubuta a jiki, domin akwai wanda aka yi don ƙara ƙiba, sukari ya fi yawa a cikinsa. Ya kuma nesanci allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da ake tallatawa a ɓoye a wasu wuraren atisaye, waɗannan suna taɓa hanta da zuciya da haihuwa. Shayin rage ƙiba da ya cika kasuwa shi ma da yawansa gudawa da fitsari kawai yake sa wa, ruwa ne ke fita, kitse na zaune.

Furotin shi kaɗai ba ya gina tsokar da ba a sa ta aiki ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ya kuma ware aƙalla kwana biyu na atisayen ƙarfafa tsoka. Wannan kashi na biyu ne mata da dattawa suka fi bari, suna ganin na samari ne. Ba sai an je ko'ina ba. A zauna a kujera a miƙe sau goma ba tare da dafa komai ba, a huta, a maimaita. A dafa bango a tura. A ɗaga jarkar ruwa. Dattijo ma ya fi saurayi buƙatar wannan, kuma wani kwamitin masana lafiyar tsofaffi ya ba da shawara a 2013 cewa wanda ya haura shekara 65 ya riƙa samun giram 1.0 zuwa 1.2 ko da ba rage ƙiba yake ba, saboda tsoka na zaizayewa da shekaru.

Maganar ƙoda

Tambayar da kowa ke yi ita ce ko yawan furotin na lalata ƙoda. Ga mai lafiyayyar ƙoda, nazarin da aka wallafa a 2018 wanda ya tattara gwaje-gwaje 28 bai ga wata illa ba. Ga wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu kuwa, magana ta sauya gaba ɗaya: likitoci kan rage masa furotin zuwa giram 0.8 ko ƙasa da haka, har 0.6, gwargwadon matakin ciwon, muddin bai fara wankin ƙoda ba. Abin tsoron shi ne ciwon ƙoda ba ya sallama, yana iya shekaru yana cin mutum bai sani ba, kuma manyan masu jawo shi su ne ciwon suga da hawan jini, wato cututtukan da suka sa mafi yawan mutane neman rage ƙiba tun farko. A ƙasarmu da ake ta kokawa da yawan masu wannan ciwo, musamman a yankin Gashuwa ta jihar Yobe, wannan ba abin wasa ba ne. Mai juna biyu da mai shayarwa da yaron da bai gama girma ba su ma lissafinsu daban ne, kada su rage abinci sai da shawarar likita.

Shi ya sa kafin yayata ta ƙara ko ƙwai ɗaya, sai da muka koma asibiti aka gwada jininta da fitsarinta, aka ce ƙodarta lafiya lau. Daga nan ta fara. Sikeli ya rage gudu, rabin kilo a mako, wani makon ma ba ya motsi, har ta so ta karaya. Na karɓo mata tef a wurin tela na ce ta riƙa auna ƙugunta duk ranar Juma'a. Shi ne ya nuna mata abin da sikeli ya ɓoye: zani na ƙara zagayowa, kuma tana tashi daga tabarma ba ta neman bango.

Mai karatu, idan kana da hawan jini ko ciwon suga, ko shekarunka sun ja, ko akwai mai ciwon ƙoda a danginku, je asibiti a gwada maka ƙoda kafin ka ƙara furotin a abincinka. Idan sakamako ya fito lafiya, ɗauki biro ka ninka nauyin da kake son kai wa da 1.2, sannan ka duba kwanon da za a ajiye maka yau da dare.